Ƙwayar Idon Kyamara da Lissafin Wata Uku-Uku: Daga Japan Zuwa Lambunan Watari

Gabatarwa

Duk wanda ya ziyarci lambunan da ke ƙarƙashin madatsar ruwa ta Watari, a Ƙaramar Hukumar Bagwai ta Jihar Kano, a lokacin noman rani, zai ga wani abu wanda babu shi sa'ad da aka gina madatsar tsakanin shekarar 1977 da 1980. Manomi ya durƙusa a cikin fangalin tumatir, ya kama ganyen da tsutsa ta rarake, irin tsutsar nan da ake kira sharon wadda ta yi mummunar ɓarna a shekarar 2016, ya ɗauki hotonsa da wayar hannu, ya aika wa malamin gona ko mai sayar da maganin feshi a Bichi ko a birnin Kano. Wani kuma hoton buhunan albasa ko na shinkafa yake aika wa dillali, a soma ciniki tun kaya ba su bar bakin gona ba.

Abin da ke ɗaukar wannan hoto wani ɗan guntun silikon ne wanda bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba, yana ɓoye a bayan gilashin kyamarar wayar. A wannan maƙala za a kira shi ƙwayar hoto. Ba a ƙera ta a Nijeriya. Kamfanoni 'yan ƙalilan ne, mafi yawansu a Japan da Koriya ta Kudu da Sin, suke ƙera kusan dukkan wadda duniya ke amfani da ita, kuma kowane wata uku sukan fito da rahoto su bayyana abin da suka sayar da ribar da suka samu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ƙwayar hoto take aiki, da yadda ake karanta irin wannan rahoto, da kuma dangantakarsa da kuɗin da manomin Watari yake ƙirgawa idan ya tashi sayen waya. Mai karatu zai tarar cewa ɗalibin da ya san lissafin gona ya riga ya san rabin lissafin kamfani.

Yadda Ƙwayar Hoto Take Gani

Tun farkon ƙarni na 11 masanin nan Ibn al-Haisam, wanda ya zauna a Alƙahira, ya tabbatar a cikin littafinsa Kitab al-Manazir cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga jikin abu ya shiga ido. A can ƙuryar idon ɗan Adam akwai wani tantani mai ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin halitta masu jin haske, su ne suke juya hasken ya zama saƙo, jijiya ta kai shi ƙwaƙwalwa. Aikin da wannan tantani yake yi a ido shi ƙwayar hoto take yi a kyamara.

Silikon yana cikin rukunin abubuwan da masana ke kira semikondokta, wato abubuwan da suke tsaka-tsaki wajen barin wutar lantarki ta ratsa su. Tagulla tana barin wuta ta wuce a sauƙaƙe, roba kuwa tana hana ta. Silikon yana tsakanin biyun, kuma ana iya sarrafa shi ya bari ko ya hana gwargwadon buƙata. Haka kuma yana da wata ɗabi'a mai amfani: idan haske ya sauka a kansa, sai ya saki ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron. Albert Einstein ne ya bayyana a shekarar 1905 cewa haske yana zuwa ne a ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi yana iya tunkuɗo ilektiron daga mazauninsa, kuma a kan wannan bayani aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta 1921.

An rarraba fuskar ƙwayar hoto zuwa miliyoyin 'yan ƙananan gidaje, a jere layi-layi kamar fangaloli a lambu. Kowane gida ana kiransa fiksil, miliyan ɗaya daga cikinsu kuma shi ne megafiksil. Ke nan wayar da aka rubuta wa megafiksil 13 tana da gidaje kimanin miliyan 13. Faɗin kowane gida a wayoyin zamani bai wuce kusan kashi ɗaya bisa dubu na milimita ba, alhali kaurin gashin kan mutum ya ninka haka sau da dama. Idan an danna maɓallin ɗaukar hoto, kowane gida yakan tara ilektiron daidai da yawan hasken da ya faɗa masa, kamar yadda kwanonin da aka jera a tsakar gida suke tara ruwan sama. Daga nan sai a auna abin da kowane gida ya tara, a mayar da shi lamba. Hoto, a wurin na'ura, jerin lambobi ne kawai.

Sai dai silikon ba ya bambanta launi. Yawan haske kaɗai ya sani. Domin haka akan rufe kowane gida da ɗan tantani mai launi, ko ja, ko kore, ko shuɗi. A tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976, cikin kowane gida huɗu biyu kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, saboda idon mutum ya fi jin launin kore. Daga baya kwamfutar da ke cikin wayar takan haɗa bayanan maƙwabtan gidaje ta lissafo ainihin launin kowane ɗigo.

Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1969 Willard Boyle da George Smith, masu bincike a ɗakunan gwaji na Bell a Amurka, suka ƙirƙiro wani nau'i na ƙwayar hoto, wanda ake kira CCD. An ba su lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar fiziks a 2009. A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa wata kyamara da ba ta buƙatar fim. Nauyinta ya kai kilo 3.6, gidajenta 10,000 ne kacal, kuma takan ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya baƙi-da-fari a kan kaset. A 1980 Nobukazu Teranishi na kamfanin NEC a Japan ya gyara ginin gidan tara haske ta yadda hoto ya ƙara tsabta.

Babban canji ya zo ne a farkon shekarun 1990, lokacin da Eric Fossum da abokan aikinsa, a wata cibiyar bincike ta hukumar sararin samaniya ta Amurka, suka fito da nau'in da ake kira CMOS. Suna neman kyamara ƙarama marar cin wuta domin kumbon sama-jannati, sai ga shi abin da suka samo ya dace da aljihun mutane. A nau'in CMOS kowane gida yana da nasa ɗan amsa-kuwwa da ke ƙarfafa saƙo, kuma ana iya ƙera shi a irin masana'antar da ke ƙera sauran ƙwayoyin kwamfuta, abin da ya sa ya yi araha. Kusan kowace wayar da ke hannun jama'a a yau irin wannan ƙwaya ce a cikinta. Ita ce kuma a cikin na'urar da ke ɗaukar hoton fuska wajen rajistar katin ɗan ƙasa, da na'urar BVAS wadda aka tantance masu zaɓe da ita a 2023.

Daga Yashi Zuwa Ƙwaya

Silikon ba abu ne mai wuyar samu ba. Shi ne na biyu a yawa a cikin ɓawon ƙasa, bayan iskar oksijin, kuma shi ne ginshiƙin yashin da ke kwance a rafin Watari. Wahalar tana wajen tacewa. Sai an tace shi har ya zamana cikin ƙwayoyin zarra biliyan ɗaya da ƙyar a sami baƙuwa guda. Sannan a narkar da shi a zafin da ya haura digiri 1,400, a janyo shi sannu a hankali ya daskare ya zama doguwar sanda, a yayyanka ta zuwa faya-faye sirara masu faɗin milimita 300. A kan kowane faifai ake zana ɗaruruwa ko dubban ƙwayoyin hoto ta hanyar amfani da haske da sinadarai, mataki bayan mataki, har matakai ɗaruruwa. Aikin yakan ɗauki watanni, kusan tsawon lokacin da shinkafa take ɗauka daga dashe zuwa girbi.

Ƙura guda ɗaya wadda ido ba ya gani ta isa ta lalata ƙwaya. Saboda haka ma'aikata sukan rufe jikinsu ruf daga kai har ƙafa, ana tace iskar ɗakin dare da rana, kuma ana wanke faya-fayen da tataccen ruwa mai yawan gaske. Wannan buƙata ta ruwa ta haɗa masana'anta da manoma ta wata hanya mai ban sha'awa. A yankin Kumamoto na tsibirin Kyushu, inda kamfanin Sony yake da ɗaya daga cikin manyan masana'antunsa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ake sha, kuma shi masana'antar take ɗiba. Tun daga 2003 kamfanin yake haɗa kai da manoman yankin suna cika gonakin shinkafa da ruwan kogi a lokacin da babu shuka a ciki, domin ruwan ya tsuma ya koma ƙasa ya maye gurbin wanda aka ɗiba.

Gina irin wannan masana'anta yana cin biliyoyin daloli. Wannan shi ne dalilin da ya sa masu sana'ar ba su da yawa. Idan aka auna da kuɗin ciniki, Sony na Japan yana riƙe da kusan rabin kasuwar duniya, Samsung na Koriya ta Kudu yana bi masa, sai OmniVision, wanda aka kafa a Amurka a 1995 amma ya koma hannun masu jari na ƙasar Sin a 2016. Akwai kuma GalaxyCore, wanda aka kafa a 2003, mai mazauni a Shanghai, wanda ya shahara da ƙera ƙwayoyi masu araha, kuma yana cikin masu sayar wa kamfanin da ke yin wayoyin Tecno da itel da Infinix.

Mene Ne Rahoton Wata Uku?

Babban kamfani ba na mutum ɗaya ba ne. Dubban mutane da bankuna da asusun fansho ne suke da hannun jari a cikinsa, kuma suna da haƙƙin sanin halin da dukiyarsu take ciki. Domin haka kasuwannin hannun jari suka wajabta wa kamfanoni su riƙa bayyana lissafinsu a kai a kai. An raba shekara gida huɗu, kowane gida wata uku, ana kiransa zango ko rubu'in shekara. Shekarar kuɗi ta Sony tana farawa ne ranar 1 ga Afrilu ta ƙare ranar 31 ga Maris, don haka zangonta na farko shi ne Afrilu zuwa Yuni.

Abubuwa huɗu ne ya kamata mai karatu ya nema a cikin rahoton. Na farko shi ne ciniki, wato jimlar kuɗin kayan da aka sayar. Na biyu ribar aiki, wato abin da ya rage bayan an cire kuɗin kayan aiki da albashi da bincike da tsufan injuna. Na uku kayan ajiya, wato abin da aka ƙera ba a sayar ba tukuna. Na huɗu hasashe, wato abin da shugabannin kamfanin suke tsammanin samu kafin ƙarshen shekara. Manomi zai gane su nan take: kuɗin buhunan da ya sayar, da abin da ya rage bayan ya cire kuɗin iri da taki da fetur na injin ban-ruwa da 'yan ƙwadago, da abin da ke cikin rumbu, da kuma abin da yake sa rai idan ya dubi yabanya.

Kamfani Ma Yana da Kakarsa

Ga abin da sashen Sony mai ƙera ƙwayoyin hoto ya bayyana a shekarar kuɗi ta 2023, da kuɗin Japan, wato yen:

Afrilu zuwa Yuni 2023: ciniki biliyan 293, ribar aiki biliyan 13.
Yuli zuwa Satumba 2023: ciniki biliyan 406, ribar aiki biliyan 46.
Oktoba zuwa Disamba 2023: ciniki biliyan 505, ribar aiki kusan biliyan 100.
Janairu zuwa Maris 2024: ciniki biliyan 399, ribar aiki biliyan 35.

Abu na farko da ido zai kama shi ne cewa zangunan ba daidai suke ba. Ciniki yana hawa daga tsakiyar shekara ya kai ƙololuwa kafin ƙarshenta, sannan ya sauka. Dalili shi ne manyan kamfanonin waya, musamman Apple, sun saba fito da sababbin wayoyinsu a wajen watan Satumba, domin su riski sayayyar bukukuwan ƙarshen shekara a Turai da Amurka da ta sabuwar shekara a Sin. Dole su sayi ƙwayoyin hoto watanni kafin nan. Wannan lokaci shi ne kakar mai ƙera ƙwaya, watannin Afrilu zuwa Yuni kuwa su ne bazararsa.

Daga nan ƙa'ida ta farko ta karanta rahoto ta fito: ana kwatanta zango da takwaransa na bara. A Afrilu zuwa Yuni 2024 cinikin sashen ya kai yen biliyan 353 da ɗoriya. Wanda ya kwatanta shi da watanni ukun da suka gabace shi zai ce kasuwa ta faɗi da kashi 11 cikin ɗari. Wanda ya kwatanta shi da Afrilu zuwa Yuni na 2023 zai ga ta ƙaru da kashi 21 cikin ɗari. Na biyun ne ya karanta daidai. Babu manomin da zai auna abin da ya shiga aljihunsa a watan Yuni da na watan Nuwamba ya ce gonarsa ta mutu. Kakar bana da kakar bara ake gwadawa.

Ciniki Daban, Riba Daban

Abu na biyu da alƙaluman suka nuna shi ne riba tana tsalle fiye da ciniki. Daga zangon farko zuwa na uku ciniki bai kai ninki biyu ba, amma riba ta ninka kusan sau takwas. A zangon farko, cikin kowace yen 100 ta ciniki kimanin yen 4 ce riba. A na uku ta kai kusan yen 20. Sirrin yana cikin kuɗaɗen da ba sa canzawa. Ko masana'anta ta ƙera da yawa ko kaɗan, sai ta biya injiniyoyi, ta tace iska, ta lissafa tsufan injunan da ta saya da tsada. Mai injin casar shinkafa ya san wannan: ranar da buhu biyar kawai aka kawo, kuɗin haya da na yaran aiki suna nan yadda suke, ranar da aka kawo ɗari kuwa, kusan duk abin da ya hau bisa buhunan farko riba ne.

Haka kuma ciniki yana iya ƙaruwa riba ta ragu. A shekarar kuɗi ta 2022 sashen ya yi cinikin yen tiriliyan 1.4 da ribar aiki ta biliyan 212. A ta 2023 ciniki ya hau zuwa tiriliyan 1.6, amma riba ta sauka zuwa biliyan 194. Daga cikin dalilan da kamfanin ya bayar akwai matsalar yawan ƙwayoyin da ke lalacewa wajen ƙera wani sabon nau'i na wayar hannu. A ƙaddara faifai guda yana ɗauke da ƙwaya 1,000. Idan 900 suka fito lafiya, kuɗin faifan zai rabu a kan 900. Idan 600 ne kawai suka fito, kuɗin faifan bai ragu ba, don haka kowace ƙwaya ta ƙara tsada da rabin kuɗinta. Lissafin ɗaya ne da na mai kwandon tumatir wanda kashi ɗaya bisa uku na kayansa ya ruɓe a mota kafin a isa Legas. Da aka shawo kan matsalar, sai a shekarar kuɗi ta 2024 ciniki ya kai kusan tiriliyan 1.8, riba kuma ta hau zuwa biliyan 261.

Akwai wani abu na uku da ke iya ruɗin mai karatu, wato canjin kuɗi. Kamfanin yana sayar da mafi yawan kayansa da dalar Amurka, amma yana rubuta rahotonsa da yen. A 2021 dala ɗaya tana wajen yen 110. A tsakiyar 2024 ta haura yen 160. Ke nan ko da adadin ƙwayoyin da aka sayar bai ƙaru ba, lambar da ke cikin rahoto za ta kumbura. Shi ya sa rahoto mai kyau yakan ware ya nuna nawa ne ya zo daga ƙarin kaya, nawa kuma daga canji.

Fari da Ambaliya a Duniyar Silikon

Kamar yadda gona take fuskantar fari da fara, haka masana'anta take da nata bala'o'in, kuma dukkansu sukan bar tabo a rahoton wata uku. A watan Afrilu na 2016 girgizar ƙasa ta auka wa yankin Kumamoto, ta tsayar da masana'antar Sony da ke can, aka yi watanni kafin aiki ya koma daidai, kamfanonin kyamara da dama suka jinkirta fito da kayansu. A watan Satumba na 2020 kuma takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa kamfanin Huawei na ƙasar Sin ya sa Sony ya dakatar da aika masa kaya na wani lokaci, alhali yana cikin manyan masu sayensa. Ribar sashen ta faɗo daga yen biliyan 236 a shekarar kuɗi ta 2019 zuwa biliyan 146 a ta 2020. Wanda ya dogara da dillali ɗaya ko biyu, ranar da ɗaya ya daina zuwa sai ya ji a jikinsa.

Misali mafi kusa da masu amfani da ƙananan wayoyi shi ne na GalaxyCore. A lokacin annobar korona, daga ƙarshen 2020 zuwa 2021, an yi ƙarancin ƙwayoyin silikon iri-iri a duniya. Kamfanonin waya suka tsorata, kowa ya yi odar fiye da buƙatarsa ya jibge, masu ƙerawa kuma suka ɗauka kasuwa ce ta buɗe. A 2021 GalaxyCore ya yi cinikin kimanin yuan biliyan 7, kuɗin ƙasar Sin, da ribar da ta haura biliyan ɗaya, kuma a watan Agusta na shekarar ya shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai. Sai tsadar rayuwa ta sa mutane suka rage sayen waya. A 2022 yawan wayoyin zamani da aka fitar a duniya ya ragu da kimanin kashi 11 cikin ɗari, zuwa wajen biliyan 1.2. Kamfanonin waya suka daina oda suka koma cin abin da ke rumbu. Kafin ƙarshen 2023 cinikin GalaxyCore ya sauka ƙasa da yuan biliyan 5, ribarsa kuma ta zube da fiye da kashi 90 cikin ɗari idan aka gwada da ta 2021.

Manoman rani sun san wannan zagaye sarai. Shekarar da albasa ta yi tsada, kowa sai ya shuka albasa, baɗi kasuwa ta cika, farashi ya karye. Alamar farko takan bayyana ne a layin kayan ajiya: idan rumbu yana cika zango bayan zango alhali ciniki bai motsa ba, to karyewar farashi tana tafe.

Yadda Abin Yake Isowa Watari

Wayar salula ta GSM ta soma aiki a Nijeriya a watan Agusta na 2001. Kamfanin Transsion, wanda aka kafa a 2006, ya mayar da hankalinsa kan Afirka, ya yi wayoyi masu layi biyu da batir mai daɗewa, ya kuma gyara lissafin kyamararsa domin ta fito da fuskar baƙar fata da kyau, abin da wayoyin da aka tsara domin wasu ƙasashe suka daɗe suna gazawa a kai. Wannan gyara yana cikin kwamfutar da ke sarrafa lambobin da ƙwayar hoto ta bayar. A 2019 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai, a 2023 kuma ya zama na biyar a duniya wajen yawan wayoyin zamani da aka fitar. Wayoyinsa na Tecno da itel da Infinix su ne suka cika shagunan kasuwar Farm Centre da na titin Beirut a Kano, daga nan ƙananan 'yan kasuwa suke sarowa su kai garuruwa irin su Bichi da Bagwai.

Ke nan akwai sarƙa mai tsawo: mai tace silikon, mai ƙera ƙwaya, mai haɗa ta da gilashi, mai harhaɗa waya, mai shigo da ita, ɗan kasuwar Kano, sannan manomi. Abin da ya faru a farkon sarƙar yakan ɗauki watanni kafin ya iso ƙarshenta. Idan rahotanni suka nuna ƙaranci da hauhawar farashi, masu yin waya mai araha, waɗanda ribarsu a kan kowace waya ba ta da yawa, sukan zaɓi ɗaya daga cikin biyu: su ƙara kuɗi, ko su sa ƙwaya mai rauni a bar farashi yadda yake. Idan kuwa rumbuna sun cika, sai a ga kyamarar da a da sai a waya mai tsada ta sauko cikin mai araha.

Wajibi ne a yi adalci a nan: ƙwayar hoto ɗaya ce kawai daga cikin kayan da ke cikin waya. Akwai allo da batir da ƙwayar sarrafawa da ƙwayar ajiya, wadda farashinta ya tashi sosai a ƙarshen 2025. Ga mai saye a Kano kuwa, darajar naira ta fi dukkansu nauyi. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Faɗuwar yen ta kumbura lissafin mai sayarwa a Japan, faɗuwar naira kuwa ta ƙuntata aljihun mai saye a Bagwai, domin ɗaya yana karɓar dala ne, ɗaya kuma yana biyan ta.

Akwai darasi ga mai sayen waya. Yawan megafiksil ba shi kaɗai ne ma'aunin kyawun hoto ba. Idan aka cusa gidaje miliyan 50 a kan ƙaramar ƙwaya, kowane gida zai ƙanƙance, hasken da zai tara ya ragu, hoton magariba ya fito da dusa-dusa. Faɗin ƙwayar da ingancin gilashi da lissafin kwamfutar wayar duk suna da rabonsu. Haka nan wasu daga cikin idanu uku ko huɗu da ake jerawa a bayan ƙananan wayoyi megafiksil 2 ne kawai, aikinsu kaɗan ne. Gara mai saye ya ɗauki hoton ganye a inuwa ya duba da idonsa kafin ya biya.

Kammalawa

An ga yadda haske yake zama lamba a kan silikon, da yadda lambobin ciniki suke bayyana halin masu ƙera shi. Ƙa'idojin karanta rahoton wata uku ba su da yawa: a gwada zango da takwaransa na bara, a bambanta ciniki da riba, a duba rumbu, a tambayi rabon canjin kuɗi, sannan a saurari hasashe da taka-tsantsan.

Malamai suna iya juya wannan ya zama aiki a aji. Malamin lissafi ya ba ɗalibai alƙaluman zanguna huɗun da ke sama su zana jadawali su fitar da kason riba na kowanne. Malamin aikin gona ya sa su rubuta irin wannan rahoto na gonar gidansu, wata uku-uku, tun daga sharar gona har zuwa sayar da amfani. Malamin tattalin arziki ya kawo rahoton wani kamfani na gida, domin kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Nijeriya, irin su Dangote Cement da MTN Nigeria, su ma suna bayyana nasu kowane zango. Malamin fiziks kuma ya sa a nuna bakin rimot na talabijin ga kyamarar waya a danna maɓalli: a wayoyi da yawa za a ga ɗan haske yana ƙyaftawa a allo wanda ido bai gani ba, domin silikon yana jin wani nau'in haske da ya wuce iyakar ganin mutum.

Har yanzu Nijeriya mai saye ce a wannan kasuwa, kuma gina masana'antar silikon yana buƙatar wutar lantarki marar yankewa da ruwa da jari mai yawa. Amma tsara ƙwaya a kan kwamfuta, da rubuta manhajar da za ta gane cutar ganyen tumatir daga hoto, da gyaran na'urori, duk ayyuka ne da ilmi ya fi jari muhimmanci a cikinsu. Ƙofar shiga ita ce darussan fiziks da kimiyyar sinadarai da lissafi waɗanda ake koyarwa a makarantun sakandare na Bagwai da Bichi da sauran garuruwa, sannan sassan injiniyan lantarki da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya.